Kalmomin Ingilishi na wasan kwaikwayo: daga ina suka fito, me suke nufi?

Na-Gulbi ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan'uwa. Tambaya gare ni zuwa ga malamanmu na Ingilishi da waɗanda suka daɗe a harkar wasan kwaikwayo. Mu nan Maradi da Faransanci muka tashi. A lakkwal "scène" muka sani, da "décor", da "coulisses", da "côté cour" da "côté jardin". To yanzu aiki yana yawan haɗa ƙungiyoyinmu da ƴan fim na Katsina da Kano, kuma takardunsu, ko da maganar ƴan wasa da Hausa take, umarnin da ke gefe da Ingilishi ake rubuta shi. Sai ka ga "set", ka ga "setting", ka ga "scene", "stage", "location", "props", "cue", "upstage", "downstage".

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne wasunsu rubutunsu ɗaya da na Faransanci, amma da alama ba abu ɗaya ake nufi ba. Mu "stage" horon aiki ne da ɗalibi ke zuwa, "location" kuma haya ce. Don Allah a warware mana ma'anar kowace da asalinta, da yadda ake aiki da ita a fili. Allah Ya saka da alheri.

Malamin Ingilishi ya amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Abu na farko da zai sauƙaƙa maka: kaɗan ne cikin waɗannan kalmomi Ingilishi ya haifa da kansa. "Play" nasa ne, ma'anarsa wasa, daidai da yadda muke cewa. "Set" ma nasa ne. Sauran aro ne. Wasu daga Girkanci suka bi ta Latin, wasu daga Faransanci suka shiga bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila a 1066, wasu kuma daga Italiya suka zo a ƙarni na 16 da na 17 tare da fasahar zana bango. Shi ya sa kake ganin kamanni. Uwa ɗaya ce, amma kowane harshe ya ja ma'anar ta inda ya ga dama.

"Theatre" daga "theatron" ne na Girkawa, wato wurin kallo. Asali ba inda ƴan wasa ke tsayawa ake nufi ba, mazaunin ƴan kallo ne da ake sassaƙawa hawa-hawa a jikin tudu. Na garin Efidauros, wanda aka gina a ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, yana nan har yau, yana ɗaukar mutum kusan 14,000. Ka kula da wani abu: wannan kalmar ce ta zama "tiyata" a Hausar Najeriya. Ɗakunan fiɗa na da a Turai da kujeru hawa-hawa aka gina su don ɗalibai su kalli likita yana aiki, sai sunan ya bi ɗakin. Saboda haka in Bakano ya ce an shiga da wani tiyata, asibiti yake nufi. Wasan kuwa "dirama" yake ce masa, daga wani fi'ilin Girkanci mai ma'anar aikatawa.

Yanzu "scene", inda rikicin yake. A bayan filin wasan Girkawa akwai wata bukka ta katako da suke kira "skene". Ƴan wasa masu magana ba su wuce uku ba, kowane yana ɗaukar mutum fiye da ɗaya, don haka sai ya faɗa bukkar ya sauya abin rufe fuska ya fito a wani mutum dabam. Daga baya aka riƙa yi wa gabanta ado ta zama kamar ƙofar fada. Faransanci ya riƙe kalmar da ma'ana biyu, dandamalin kansa da kuma yankin wasa. Ingilishi ya raba su. Dandamali "stage" ne, yankin wasa "scene", abin da littattafan wasanninmu na Hausa ke kira fitowa a ƙarƙashin kashi. Kada ka ce wa ɗan Kano "hau scene", ba zai gane ba.

Ko lissafin fitowar ma ya bambanta, kuma wannan yana da tasiri a kan kuɗi. A tsohon tsarin Faransa, duk wanda ya shigo ko ya fita an shiga sabuwar "scène", ko da wurin bai canza ba. Masu Ingilishi har suna suka ba wannan, "French scene". A fim kuwa sai wuri ko lokaci ya canza ake sake lamba. Zaure da rana ɗaya ne, zaure da dare wani ne, ƙofar gida wani ne. In ka ƙirga da tsarin lakkwal ka ce wasanka fitowa 40 ne, mai tsara ɗauka zai iya ƙirgawa ya samu 18, ku yi ta gardama a kan kwanakin aiki alhali takarda ɗaya kuke dubawa.

"Stage" daga tsohon Faransanci "estage" ne, wanda ya zama "étage" naku na hawan bene. Tushensa fi'ilin Latin ne na tsayawa. Daɓe ne da aka ɗaga don a tsaya a kai, shi ke nan.

Sai ukun da ka fi buƙata. "Set" asalinsa ajiyewa ko girkawa. "Setting" shi ne wuri da zamanin da marubuci ya girka labarinsa, a takarda yake. "Set" shi ne abin da aka gina ko aka shirya don a nuna wannan wurin. "Location" kuma wuri ne na gaske da ake zuwa a ɗauka. Kalmar Latin da ta haife shi tana nufin ajiye abu a wuri, tana kuma nufin ba da haya. Faransanci ya ɗauki haya, Ingilishi ya ɗauki wuri. Misali: ka rubuta labari a tsohuwar Maradi ta bakin gulbi, kafin ambaliyar 1945 ta sa a maida gari kan tudu. Wannan "setting" ne. Ka samu wani ƙauye wajen Tibiri ko Madarunfa mai ginin ƙasa ka kai kyamara, wannan "location" ne. Zauren da kuka shimfiɗa wa tabarmi da buzu da fitilar aci-balbal, "set" ne. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a zaɓi wuri don kyansa a manta da zamanin labarin. Sai an zo tacewa a ga falwayar lantarki a bayan sarki, ko bokitin roba a bakin rijiya, ko a ji ƙarar babur. Kafin ranar ɗauka a je wurin a daidai sa'ar da za a yi aiki, a juya ko'ina, a yi shiru na ƴan mintoci a saurara.

Tsohon Ɗan Samariya ya amsa:

Malam ya yi bayani, Allah Ya ƙara sani. Ni zan ɗora a kan kalmomin tsayuwa, don su ne ke sa mutum ya fito ta inda ba a ce ba.

"Upstage" can baya ne, nesa da ƴan kallo. "Downstage" gaba ne, kusa da su. Ba sama da ƙasa ba ne kamar yadda sabon shiga ke zato, amma da can hakan ne. Tsofaffin dandamalan Turai a karkace ake gina su, baya ya fi gaba tudu, don na zaune a ƙasa ya ga ƙafar wanda ke can ciki. Awon da aka saba shi ne ɗaya cikin 24: kowane santimita 24 da ka yi baya, daɓen ya tashi santimita ɗaya. Dandamali mai zurfin mita 6 ke nan bayansa ya fi gabansa da santimita 25. Wanda ya yi baya hawa yake, wanda ya yo gaba gangarowa yake. Faransanci ma ya riƙe wannan, shi ya sa ake cewa "remonter" da "descendre". Daga nan kuma aka samu "to upstage" da ma'anar shafe wani: ɗan wasa ya ja da baya taku biyu, dole abokin maganarsa ya juya ya ba ƴan kallo ƙeya, muryarsa ta tafi bango. Mugun hali ne, kuma yara suna yin sa ba da sani ba. Mai ba da umarni ya sa ido.

Dama da hagu kuwa na ɗan wasa ne yana fuskantar jama'a, ba na mai kallo ba. "Stage left" hagunsa ne, shi ne "côté cour". "Stage right" damansa ne, "côté jardin". Sunayen Faransancin daga wani zauren wasa na fadar Tuileries a Paris suka fito, inda ɓangare ɗaya ke kallon farfajiya ɗayan ke kallon lambu. Amma ɗana ka yi hattara da ƴan fim. Su "camera left" hagun mai riƙe da kyamara ne, wato kishiyar na dandamali. Ɗan wasan da ya saba da ɗaya aka kira masa ɗayan, zai tafi baibai. Tun ranar farko a tsayar da wanda za a bi.

Mu Hausawa mun fi sakewa da gabas da yamma, kuma a wurin bita sai ka ji ana "matsa kudu kaɗan". Yana aiki har ranar da aka kai wasan wani gari, dandamalin ya kalli wata nahiya, komai ya rikice. Abin da ya fi shi ne a sa alli a raba daɓen gida tara, uku a gaba, uku a tsakiya, uku a baya. Haruffan da kake gani a gefen takarda sunayen gidajen nan ne. U baya, D gaba, L hagu, R dama, C tsakiya. DL gaba ta hagu, UC baya a tsakiya. Tsara wa zai tsaya ina, yaushe zai motsa, shi ake kira "blocking", kuma da fensir ake rubuta shi don kullum sai ya canza.

"Role" da "cue" tafiyarsu ɗaya. A Ingila ta ƙarni na 16 ba a ba ɗan wasa littafin duka. Da hannu ake kwafa, takarda da tsada, ga tsoron kada wata ƙungiya ta sace wasan. Sai a rubuta masa maganarsa shi kaɗai a doguwar takarda a naɗe. Naɗin nan shi ne "rôle" a Faransanci. Kafin kowace magana tasa sai a sa kalmomi biyu ko uku na ƙarshe na wanda zai rigaye shi, su ne alamar lokacinsa ya yi. A tsofaffin takardu da harafin Q ake nuna alamar, kuma sunan harafin ne ake rubutawa "cue". An daɗe ana fassara shi da gajarcen "quando" na Latin, wato yaushe. Amfanin sanin wannan a aikace: ɗan wasan da ya sauya ƙarshen maganarsa ya yanke wa na bayansa igiya. Mu da muka saba ƙirƙirar magana a take, a bar mutum ya yi yadda ya so a tsakiya, amma jimlar ƙarshe a kulle ta. Haka mai wuta da mai sauti, kowace alama a ba ta lamba, a ce masa ya shirya tukuna, sannan a ba shi kalmar tashi ita kaɗai a ƙarshe.

"Rehearsal" daga tsohon Faransanci ne, ma'anarsa sake jan wani ƙarfe mai haƙora a gona don farfasa hoge bayan an yi huɗa. Maimai ke nan a wurin manomi. "Dress rehearsal" ita ce "générale" taku, bita ta ƙarshe da sutura da wuta da komai, ba tsayawa.

Na-Gulbi ya sake rubutawa:

Na gode Malam, na gode Baba. Saura "props". Kuma a wata takarda na ga "flats" da "strike" a jerin aikin ranar ƙarshe. Na san "strike" yajin aiki ne, to me ya kawo shi nan?

Kafintan Sabon Gari ya amsa:

Ɗan'uwa ba yaji ba ne, kwance kaya ne. Kalmar masu jirgin ruwa ce, sauke filafilan jirgi. A 1768 ma'aikatan jirage a Landan suka sauke filafilai don kada jirgi ya tashi sai an ƙara musu kuɗi, daga nan ma'anar yajin aiki ta samu. A wasa tsohuwar ma'anar aka riƙe: a sauke, a kwance, a kwashe. Ana kwancewa ne a juye da yadda aka ɗaura. Ƙananan kaya su fara fita, sai kujeru, sai fitilu bayan sun huce, bango a ƙarshe.

"Props" gajarcen "properties" ne, wato mallakar ƙungiya, "accessoires" a Faransanci. Yadda ake rabewa: abin da ɗan wasa zai ɗauka ya yi aiki da shi "prop" ne, abin da aka ajiye don ado kawai "set dressing" ne, abin da ya sa a jiki "costume" ne. Buta a kusurwar zaure ado ce, amma in maigida zai ɗauka ya yi alwala ta koma "prop". Carbi a hannu "prop", rawani sutura. Rabewar tana da amfani don kowane kashi da mai kula da shi, kuma abin da ba a san na wa ba ne shi ke ɓata. A sa tebur a kowane gefe na bayan fage, a zana siffar kowane abu da alli a rubuta sunansa, da kallo ɗaya an san abin da babu. Abin da za a fasa, irin tulu ko ƙwarya, a tanadi uku. Wuƙa da takobi a dakushe su, kaifi ba ya hawa dandamali.

"Flat" shi ne bangon ƙarya, "châssis". Ma'anar kalmar shimfiɗaɗɗe, don ba shi da kauri. Awon da ya fi sauƙi mita 1.22 a faɗi, 2.44 a tsayi, don da wannan awon allon katako marar kauri yake zuwa, ba sai an yanka ba. A yi firam da katako mai faɗin santimita 7 da kaurin 2, a sa ɗaya a gicciye a tsakiya, kowace kusurwa a buga mata ƙaramin allo mai kusurwa uku. In babu wannan, da an ɗaga sau biyu firam ya goce. In da yadi za a rufe, akoko ya fi, kuma kada a ja shi ya yi tauri. A bar shi da ɗan sako-sako, don fentin ruwa yana sa shi ya tsuke da kansa. Wanda ya ja tun farko zai wayi gari katakon ya lanƙwashe. Fenti marar ƙyalli ake sawa, mai ƙyalli yana maido da hasken fitila cikin idon jama'a. Fari fat ma a guje shi, musamman in za a ɗauka, don kyamara tana bin hasken bango fuskokinmu su yi duhu. Ruwan ƙasa ko toka-toka ya fi.

A baya ana tokare shi da katako mai kusurwa uku a kan hinji, abin da masu Ingilishi ke kira "French brace", a ɗora buhun yashi a ƙafarsa. Mu da yawancin wasanninmu a fili ake yi, iskar hunturu tana ɗaukar bangon nan kamar faifai. Buhu ɗaya ba ya isa, a sa biyu, a kuma haɗa bango da bango su yi kusurwa maimakon a jera su a miƙe.

Malama daga Ali Ɗan Sofo ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Akwai tarko biyu da ba a ambata ba, kuma a ganina sun fi "stage" haɗari don kowa yana zaton ya gane. Na farko "scénario". A wurinmu shi ne cikakken rubutun fim. A Ingilishi wannan "script" ne ko "screenplay". "Scenario" a wurinsu taƙaitaccen tsari ne kawai, kuma ma'anar asali ke nan: ƴan wasan barkwanci na Italiya suna manna takarda a bayan bango mai nuna wa zai shiga bayan wa, maganar kuwa a take suke ƙirƙira ta. In aka ce ka turo "script" ka tura shafi biyu, an ga kamar ba ka shirya ba. A tsarin rubutun fim shafi ɗaya kusan minti ɗaya ne, fim na minti 90 yana neman shafi wajen 90. Na biyu, "la scripte" a Faransanci mutum ce, mai lura kada hula ta koma wani gefe tsakanin ɗauka da ɗauka. Ƴan Kano "continuity" suke ce wa wannan aikin.

Ƙananan kuma: "matinee" a Ingilishi wasan rana ne bayan azahar, ba na safe ba, a duba kafin a buga sanarwa. "Director" shi ne "metteur en scène" ko "réalisateur", ba shugaban ma'aikata ba. "Limelight" ba ruwansa da lemun tsami. Dunƙulen farar ƙasa ce da aka gasa, ake hura mata harshen wuta na iskar oksijin da haidirojin har ta yi fari tana haske. An fara amfani da ita a gidan wasa na Covent Garden a Landan a 1837, lantarki ya zo ya kore ta, sunan ya saura ga wanda ido ke kansa.

Malam, a kan "theatre" ina so in ƙara "arena", tunda mu nan mun fi kowa saninta ta filin kokawa. Asalinta "harena" na Latin, yashi, wanda Romawa ke zubawa a filin faɗa don ya shanye jini. A harkar wasa "arena stage" shi ne wanda ƴan kallo suka kewaye ta ko'ina, kuma shi ne irin wanda muka fi yi a dandali da farfajiyar makaranta. A nan, Baba, gida taran nan ba sa aiki, tunda babu gaba babu baya. Sai a ɗauki filin kamar fuskar agogo, a tsayar da ƙarfe 12 a ƙofar shigowa, a riƙa cewa je ka ƙarfe 3, fito ta ƙarfe 9. Bangon ƙarya ma ba shi da wuri, don duk inda aka kafa shi ya tare wa wasu. Kaya su zama gajeru, kujerar tsugunno da tabarma da turmi, kuma kada ɗan wasa ya daɗe yana ba ɓangare ɗaya baya. Masu magana biyu su tsaya a karkace da ɗan tazara, kowane ɓangare na jama'a ya samu fuskar ɗaya daga cikinsu.